Bitar da Nake Yi wa Baba

Shekara uku ina rufa wa Baba asiri a garinmu Damanhur, a ƙasar Masar. Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, sai na yi masa bita: yau ranar kaza ce, sunanka Ramzi, lissafi ka koyar, 'ya'yanka biyu. In goge masa kwat, in zaunar da shi a baranda yana amsa gaisuwa. A layinmu gara a ce tsohonka ya mutu da a ce ya ruɗe.

Sai yayana Midhat, wanda ko sau ɗaya bai taɓa wanke wa Baba wando ba, ya zo hutu daga Kuwait. Ya fita da shi wai shan iska, ashe takardar wakilcin sayar da gidanmu ya kai shi ya sa wa hannu. Bayan wata biyu ga dillali yana auna ɗakin da mahaifiyarmu ta rasu a ciki.

Da na je wurin lauya, ya ce, "Hanya ɗaya ce, Malama Sausan. Ki yi ƙarar mahaifinki, kotu ta tabbatar ba ya cikin hankalinsa, a soke takardar."

"Ƙarar Midhat dai?"

"Ta mahaifinki. Haka dokar take."

Gwaggo Ihsan da ta ji, har gida ta tako. "Ke ce za ki tsaya gaban alƙali ki ce ubanki ya haukace? Tir da halinki!"

Na nemi shaida a maƙwabta, kowa ya ce, "Ustaz Ramzi? Ai jiya ma mun gaisa, garau yake." Ni na jawo, wa zan zarga?

Ranar zaman kotu na kasa fita da shi a yamutse. Na yi masa aski, na sa masa kwat ɗin, kafin in farga bakina ya riga ni, na yi masa bitar da muka saba.

Alƙali ya tambaye shi sunansa, da ranar, da yawan 'ya'yansa. Baba ya miƙe ya amsa tiryan-tiryan, har da "Allah ya ƙara wa mai shari'a lafiya." Alƙali ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah." Ya kori ƙarar. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

A kan matakala Baba ya riƙo hannuna yana murmushi.

"'Yan mata, na ci jarrabawar?"

"Ka ci, Baba."

"Madalla. To taimaka ki kai ni gida, matata na jira."

Ƙarshen wata za mu ba da makullin gidan.