Tafintar Mariamu

Nazifa haifaffiyar Agege ce a Legas, Yarbanci a bakinta kamar ruwa. Mahaifinta Malam Sale, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, yakan ce idan ya ji ta tana ciniki da mai kifi sai ya waiga ya tabbatar 'yarsa ce. Tana shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai aka ba su aikin da ya hana ta sakat. Malamarsu Madam Adebisi ta ce kowa ya zaɓi matsala guda da ke damun jama'a, ya rubuta maƙala, ya kawo hanyar magance ta.

Nazifa ta ɗauki talauci. Ta cika shafi biyar, kusan kowane sakin layi ya fara da cewa ya kamata gwamnati ta yi kaza. Madam ta dawo mata da takardar ba maki, ta ce talauci ya fi ƙarfin shafi biyar, ta je ta nemo abin da idonta ya gani, ta kuma faɗi wanda zai yi aikin da bakin sunansa.

Kwana biyu tana juya maganar, sai ga maƙwabciyarsu Mariamu ta yi sallama da kwalbar magani a hannu. Matar Abdou mai gadi ce, watanta huɗu da zuwa daga Maraɗi, ba Turanci ba Yarbanci. 'Yarta Mouna ce zazzaɓi ya ƙi saki. Nazifa ta karanta rubutun jikin kwalbar, ta ga sau uku aka ce a ba yarinyar a yini. Mariamu kuwa sau ɗaya take ba ta. Ta ce nas ɗin asibiti ta yi ta bayani, ita dai ta gyaɗa kai don kada a ga ƙauyancinta.

Washegari suka hau keke napep tare zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Kafin layi ya zo kansu, Nazifa ta yi wa mata huɗu tafinta, har da wata tsohuwa da ke ta nuna ƙirjinta ana rubuta mata maganin ciki. Nas ɗin ma ba mugunta gare ta ba, ita kaɗai ce ga mutum ya fi hamsin, har godiya ta yi. Aka sake duba Mouna, suka dawo gida.

Ranar alƙalamin Nazifa bai tsaya ba. Ta rubuta cewa 'yan matan unguwa da aka haifa a Legas su riƙa zuwa asibitin bi da bi, kowace da ranarta, suna fassara wa baƙi. Ta ji daɗin abin har ta kasa haƙuri, ta zaunar da kakarta Inno da Mariamu a tsakar gida ta mayar musu da shi Hausa. Inno ta sa albarka. Mariamu da ke kaɗa wa Mouna mafici ta ɗago.

"Ɗiyata, kin kyauta mini, Allah ya saka. Amma ran nan ni ma da ciwon da na so in faɗi. Ganin ki ya sa na haɗiye."

"Ni kuma, Anti Mariamu? Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ke budurwa ce, kuma kullum muna haɗuwa bakin famfo. Da wane ido zan dube ki?"

Maganar ta soki Nazifa. Ta shige ɗaki tana jin kamar an ce mata mai tsegumi. Sai da Inno ta biyo ta, ta ce ita ma shekara arba'in tana Legas, akwai abin da har yau ba ta iya faɗa wa likita a gaban jikarta ba, kuma ba don ƙiyayya ba ne.

Nazifa ta sake zama kan maƙalar. Ta cire 'yan mata ta sa manyan mata masu aure. Ta ce a yi musaya, matan Agege su riƙa zuwa asibitin wajen Mile 12, na can su zo Agege, yadda ba wadda za ta ji sirrin maƙwabciyarta. Ta ƙara da cewa a riƙa zana rana a jikin kwalbar magani, ta safe da ta tsaka da ta faɗuwa, don wadda ba ta karatu. A ƙarshe ta rubuta gaskiyar abin da ya gagare ta: ba ta san yadda za a shawo kan mace mai sana'a ta bar rumfarta safiya guda ba.

Madam Adebisi ta ba ta maki mai kyau, ba wanda ya fi na kowa ba, don ta ce hujjojin sun yi kaɗan. Amma ta ja layi ƙarƙashin sakin layin ƙarshe, ta ce a ajin ita kaɗai ta yarda akwai abin da ba ta sani ba.

Ranar Asabar Nazifa ta bi mahaifinta kasuwa, ta samu Hajiya Kalsum mai sayar da tattasai, wadda ta iya Yarbanci kuma ba ta san kowa a layinsu ba. Hajiya ta yi ta ƙorafin ciniki, daga baya ta ce Talata kasuwa ba ta cika ba, za ta zo. Ta kuwa zo, ta raka Mariamu asibiti. Da azahar Mariamu ta dawo da ƙunshin magani a gefen zane, ta leƙo ta gaida Inno da fara'a. Nazifa ta yi mata sannu da hanya, ba ta tambaye ta komai ba.