Ruwan Wazir

Mastura na tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin silba lokacin da ƙanenta Rafi'u ya fito daga ɗakin yana share zufa.

"Kumburin ya hau har gwiwa, Yaya," in ji shi. "Na danna da yatsa, ramin bai ciko ba."

"To nemo mota mu kai shi asibiti."

"Da wace takarda?"

Sati biyu ke nan wannan tambaya na cin ta, tun ranar da tsohon ya kasa fita sallar Juma'a.

Dokta Abdulghani ne sunansa, amma duk unguwar Sa'alaba ta Jidda Wazir ake ce masa, wato minista. Da fari tsokana ce. Wa zai yarda wannan siririn Bangali mai zane biyu da tabarau ɗaure da zare ya taɓa riƙe ma'aikatar lafiya? Sai da ya nuna wa Rafi'u wani hoto, ga shi nan cikin kwat, mutane sun cika bayansa, sannan bakin kowa ya mutu. Likitan ƙauye ne a can ƙasarsu ta koguna, yana bin amai da gudawa gari-gari a kwalekwale, har jama'a suka tura shi majalisa, aka ba shi minista. Ya gina ƙananan asibitoci, siyasa ta juya, aka sauke shi. Da yaƙi ya ɓarke sojoji suka sake kiransa, ya amsa, a cewarsa don kada asibitocin su rufe. Ƙasar ta rabe biyu. Sabuwar ta ce maci amana ne, tsohuwar ta ce ba nata ba ne. Ya shigo jirgin alhazai ya sauka Jidda, kuma bai koma ba.

A barandar masallaci yake kwana lokacin da jikar Mastura, Sharifa, ta kamu da amai da gudawa. Tsofaffin unguwa suka ce kada a ba ta ruwa, wai ruwa ke ƙara zawo. Yarinya ta lanƙwashe, idanu suka faɗa. Wazir ya ji koke-koke ya yi sallama, ya ce a tafasa ruwa a kwanon sha, a zuba gishiri da yatsu uku, sukari damƙi guda, a riƙa ɗura mata da cokali. Kwana biyu Sharifa ta tashi tana neman gurasa. Mastura ta kwashe buhunan gyaɗar da take soyawa daga ɗakin langa-langa na baya, ta ce ya shiga. Tun daga nan babu gidan Hausawa a layin da bai san ruwan Wazir ba. Ita kam ta ɗauke shi maganin komai, ko ciwon kai ka ce mata sai ta ɗora tukunya.

Ta yi sallama ta ɗaga labulen. Yana jingine da bango, don ya daina iya kwanciya, numfashi na fita da ƙyar. A taga akwai gwangwanin madara da ya shuka rihani a ciki, shi ne kaɗai abin da ya mallaka mai rai.

"Baba Wazir, ga ruwanka."

Ya dubi kofin, ya dube ta. Larabcinsa gurgu ne, nata kuwa na haihuwar Jidda, amma sun saba.

"Faɗa min awon, Hajiya."

"Kullum sai na faɗa? Gishiri yatsu uku, sukari damƙi ɗaya, ruwan tafasasshe."

"Idan yaro ya amayar?"

"A jira kaɗan a ci gaba."

"Madalla. Ajiye a taga, in ya huce zan sha."

"Shinkafar fa? Yau ma babu gishiri? Wallahi ko akuya ba za ta ci wannan lami ba."

"Haka nake so," ya ce, yana ɗan murmushi.

Ta ɗauka iyayi ne irin na mutanen da suka taɓa cin abincin gwamnati. Da la'asar ta dawo ta tarar da kofin wayam, ranta ya ɗan yi sanyi. Safe da yamma take kawowa, safe da yamma take ɗaukar kofi babu ko ɗigo. Kumburin dai bai fasa hawa ba, ita kuma ta ƙara ƙaimi, ta mai da shi sau uku.

Rafi'u ya bar aikin dakonsa na tashar jiragen ruwa ya je ofishin jakadancin tsohuwar ƙasar da fasfon Wazir wanda wa'adinsa ya ƙare. Ya yini a layi. Wani ma'aikaci ya buɗe, ya ga garin haihuwar yanzu a sabuwar ƙasar yake, ya turo masa abinsa da bayan alƙalami. Sabuwar ƙasar kuwa ba ta da ko ƙofar da za a ƙwanƙwasa a Jidda.

"Halas, shi ke nan, mu kai shi haka nan," Mastura ta ce. "In sun kama, su kama."

Daga cikin ɗaki tsohon ya ji. Ya kira su duka biyu.

"Za su tambaya wa ya ajiye ni shekara biyu babu iƙama, takardar zama," in ji shi, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ɗakin wa? Naki. Za su karɓe takardarki su sa ki a jirgi. Kin taɓa ganin Nijeriya?"

"A nan aka haifi uwata ma."

"To ina za ki kai Sharifa?"

"Kai da ka gina wa mutane asibiti, ka mutu a ɗakin gyaɗa?"

"Na sa hannu a takardun da suka fi wannan muni, Hajiya. Wannan ba zan sa ba."

Ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi ta yi kuka mai isarta. Haushi take ji, na shi da taurin kansa, na takarda, na kanta da ba ta da abin yi sai tafasa ruwa. Da ta gama ta tashi ta tafasa.

Ranar Talata da hantsi ya ce Rafi'u ya ɗauko amalanken dakonsa.

"Ka kai ni masallaci, ka jingina ni a inda kuka same ni. Idan ta faru, ba ku san ni ba. Baƙo ne ya mutu a ɗakin Allah, babu wanda za a tambaya."

"Haba Baba," Rafi'u ya ce.

"Yalla, mu je, ɗana. Rana na yi."

Ya hana a ɗauki hoton nan, ya ce a ƙona. Mastura ta shimfiɗa buhu biyu a amalanken, ta tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana. Bai waiwayo ba, wuyansa ba ya juyuwa.

Bayan azahar rai ya yi halinsa. Liman ya aika aka kira hukuma, mota ta zo da ɗan sanda da wani matashin likita. Mutanen layin suka tsaya cirko-cirko, waɗanda ya ceto 'ya'yansu, aka ce wa ya san shi, kowa ya sunkuyar da kai. Aka rubuta shi a matsayin wanda ba a sani ba, aka tafi da shi. Ko wankansa ba su samu yi ba.

Rafi'u ya dawo ya zube a tabarma.

"Me likitan ya ce?" Mastura ta tambaya.

"Ya duba ƙafafun ya ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a jiki. Ya ce mai irin wannan ciwo ko gishirin miya ba a ba shi, guba ne a gare shi." Sai da maganar ta fita ya tuna da wa yake magana. "Yaya..."

Ba ta ji sauran ba. Gishiri yatsu uku, sau uku a rana, da hannunta. Ga shinkafar lami da ta yi ta yi masa tsiya a kai. Ashe ya sani. Likita ne fa, ya za a yi bai sani ba? Ƙafafunta suka ɗauke ta zuwa ɗakin langa-langa, tana faɗin innalillahi a hankali, tana cewa ni na kashe shi, ni na kashe shi.

Ɗakin na nan da warin gyaɗa da man zafi. Kofin safe na kan taga, wayam kamar kullum. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai idonta ya sauka a kan gwangwanin madarar. Rihanin ya bushe ƙurmus, ganyen ya zube, ita kuwa duk kwanakin nan fuskar tsohon take kallo, ba ta lura ba. Ƙasar cikin gwangwanin jiƙe take sharkaf, tururuwa na zagaya bakinsa, a samanta wani farin ɓawo ya kwanta.

Ta lakato da yatsa ta kai bakinta. Gishiri ne.

A waje wata maƙwabciya na sallama, tana cewa ɗanta ya kwana yana zawo, ko Hajiya za ta tuna mata awon. Mastura ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauki kofin, ta bar gwangwanin a inda yake a taga.