Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya na Kawu Anselmo

Kun ga bidiyon. Kada wani ya ce mini bai gani ba, don na san ta wayoyi nawa ya bi. Wani mutum ne mai furfura da tumbi, jirgi na jan sa da igiya, yana zamiya a kan tafki da tafin ƙafarsa kawai, ruwa na tashi fari fat a gefensa biyu. Daƙiƙa goma sha ɗaya yana tsaye. Sai ya kifa, fuska ta riga komai dukan ruwa, ƙafafu suka bi ta sama, ya wuntsila sau uku kamar buhun da ya suɓuto daga bayan mota. Can hannuwa biyu suka ɓullo, a haɗe bisa kansa. A nan bidiyon ya ƙare. Kuka yi dariya, kuka tura wa na gaba, kuka wuce. Babu wanda ya tambayi abin da ya faru a daƙiƙar da ta biyo baya.

Sunansa Anselmo Barrios, ƙanin mahaifiyata. Shekara ashirin da bakwai yana tuƙa jirgi a tafkinmu, yana jan mutanen birnin Mexico da ke sauko mana duk ƙarshen mako. Ɗaruruwa sun koyi zamiya a kan ruwa ba katako a ƙafa a wajensa. Daga kujerar tuƙi yake koyar da su, da baki kawai: “Lanƙwasa gwiwa kamar za ka zauna a kujera. Miƙe hannu. Yatsu sama. Kada ka kalli ƙafarka, wanda ya kalli ƙafa ya sha ruwa.” Shi kansa bai taɓa tsayawa a kan ruwan ba ko sau ɗaya.

Wata Lahadi wani lauya da ya koya wa ya miƙa masa igiya a gaban jama'a ya ce, “Maigida Anselmo, nuna mana yadda gwanaye ke yi.” Kawu ya yi dariya, ya ce bayansa na ciwo. Da ya dawo gida bai taɓa abincinsa ba.

“Zan koya,” ya ce wa matarsa, Eulalia, wadda muke kira Inna Lala.

Ta dubi tumbinsa, ta dubi fuskarsa. “Kai da wannan tulun? Anselmo, shekararka hamsin da biyu. Ruwan ma sai ya kai ƙara.”

“Ki rage dariyarki, ki ajiye wa ranar da zan wuce ta gaban gidan nan a tsaye.”

A watan Janairu aka fara. Amininsa Fausto, wanda ya riƙe masa ɗa ranar baftisma, shi ya karɓi tuƙi. Ni kuma aka ba ni kujerar da ke fuskantar baya. Ƙa'idar tafki ce: matuƙi ya kalli gaba, wani ya kalli wanda ake ja, kada ya ɗauke ido. Lokacin na dawo daga jami'a da takardar injiniya, aiki bai samu ba, safiyata tawa ce. Muna fita da fitowar rana, sa'ad da ruwa ke kwance kamar madubi, kafin iska ta taso daga gonakin rake ta yamutsa shi. Wannan kwanciyar ruwan ba ta kai awa guda. Matuƙanmu na tattalin ta kamar ƙwai.

Da farko ya riƙe doguwar sandar ƙarfe da ke fita daga gefen jirgi. Yakan zauna a kan ruwan cikin baƙar rigar robarsa mai hana nutsewa, jirgi ya ɗauki gudu, ya sauke dugadugai a hankali, ruwa ya watsa masa a fuska, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Mako uku bai iya juya wuya ba sai da dukan jiki.

“Mutumina,” in ji Fausto, “ka sha rabin tafkin nan. Ka rage wa kifaye.”

“Tuƙa kawai, tsoho. Da ka san gudu daidai da tuni na tsaya.”

“Ni ne ma mai laifin? To tashi mu ga gwiwar nan da kake koya wa mutane.”

Ni na kawo dabarar ɗaukar sa a waya. Ina rage gudun bidiyon, in ja layi a kan gwiwarsa, in nuna masa inda yake miƙewa da wuri. Ya raɗa mini suna Injiniya. “Injiniya ta ce gwiwa,” yakan ce wa Fausto, “kuma Injiniya ta yi karatu, ba kamar wasu ba.” Gaskiya dabarar ta yi aiki. A Maris ya tsaya a jikin sandar. A Afrilu ya koma gajeriyar igiya. Ranar da ya yi daƙiƙa shida a kanta, ya rungume ni da jiƙaƙƙiyar rigarsa har na ji sanyi ya ratsa ni.

Akwai wata al'ada a matsayar jiragenmu. Wanda ya faɗi yakan haɗa hannuwa biyu bisa kai, alamar lafiya lau. Wannan ko'ina ana yi. Abin da namu suka ƙara shi ne ƙirga: da ka faɗi, na cikin jirgi za su fara, ɗaya, biyu, uku. In ba ka ɗaga ba kafin uku, kai za ka sayi tamal, irin alalar masarar nan da ake naɗewa a ganye, da kunun masara ga duk matuƙan da ke matsaya, kuma sunanka Kazar Ruwa har wani ya karɓe ka. Wasa ne, kuma babu wanda ya san wanda ya fara shi. Amma sabo turken wawa. Mazan tafkinmu sun koyi ɗaga hannu kafin su san ina ne sama, kafin jiki ya gaya musu abin da ya same shi. Kawu da bakinsa yake koya wa baƙi: “Hannu tukuna, numfashi daga baya.” A wata huɗu na faɗuwa, bai taɓa sayen tamal ba. Yana alfahari da hakan fiye da daƙiƙa shidan.

Ranar Talata ta biyu a watan Mayu muka ɗaura doguwar igiya. Kafin ya shiga ruwa na nuna masa bidiyon jiya.

“Kawu, duba nan. Babban yatsan ƙafarka ta hagu yana sunkuyawa. In ka gyara shi ka gama.”

Ya matso da wayar kusa da hanci. “Wannan ɗan banzan yatsan? Bar ni da shi.”

Fausto ya danna mai. Kawu ya taso daga cikin kumfa, ya zauna, ya sauke dugadugai, ya miƙe. Ya tsaya. Gwiwa daidai, hannu daidai, ƙirji a buɗe, muna wucewa ta gaban gidansa inda Inna Lala ke shanya a kan rufi. Na ga bakinsa a buɗe yana ihun da ƙarar inji ta hana ni ji. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Yatsan nan yake dubawa.

Sauran kun gani.

“Ɗaya!” in ji Fausto. “Biyu!” Hannuwa suka ɓullo. “Kai, shegen tsohon nan ya sake tsira!”

Ya sassauta mai gaba ɗaya. Haka ake yi. Matuƙin kirki ba ya juyawa da gudu, don igiyar ruwan da zai tayar za ta ɓata kwanciyar tafkin na minti goma, a kuma zage shi daga kowane jirgi. Sai ka bar jirgi ya lafa, ka juya a hankali, ka koma kamar mai rakiyar amarya. Minti huɗu muka yi kafin mu isa gare shi.

Na san huɗu ne domin wayata ta rubuta lokacin. Da na ga hannuwan, na sauke idona. Na yanke bidiyon daidai inda ya fi ban dariya, na sa masa fuskokin nan masu hawayen dariya guda uku, na tura zauren danginmu. Har na jira na ga wa zai fara amsawa. Kujerata tana fuskantar kawuna, aikina guda ɗaya ne a jirgin nan, kuma ina kallon tafin hannuna.

“Anselmo!” Fausto na kira tun daga nesa. “Tashi ka daina lissafin kifi! Matarka ta gani, yau sai ta ƙara maka nama!”

Shiru.

Da na ɗago, hannuwan ba sa sama. Rigar robar na riƙe da shi a bisa ruwa, amma fuskarsa na ciki.

Fausto ya yi tsalle ya faɗa, ya juya shi. Yana numfashi, da ƙyar, ruwa na fita ta hancinsa. Ba mu da allon ɗaukar majinyaci, ba mu da abin tallafe wuya. Babu jirgi ko ɗaya a tafkin da ke da su. Na kama shi ta hammata na ja, Fausto na turowa daga ƙasa, muka tsallakar da shi gefen jirgi, kansa na lilo. Mun yi da sauri, da dukan ƙarfinmu, don muna ƙaunarsa.

A asibitin birni likitar ta fito ta cire abin rufe bakinta. Ta ce ƙashin wuya ya tsage tun a faɗuwar, amma tsagewa kaɗai ba lalle ta kai ga laka ba, sai in an motsa wuyan. Sannan ta tambaya, ba da faɗa ba, “Wa ya ɗaga shi daga ruwan? Ta yaya?”

Fausto ya zauna a ƙasa, a nan cikin baranda. Tun ranar bai sake tuƙi ba.

Kafin mu fito daga asibitin bidiyon ya bar zauren dangi. Na goge nawa, na roƙi kowa ya goge. Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

A taron ƙungiyar matuƙa na watan Yuli na miƙe na nemi abu uku: kowane jirgi ya ɗauki allo da abin tallafe wuya, duk wanda ya yi mummunar faɗuwa a koma masa nan take, ko ya ɗaga hannu ko bai ɗaga ba, a daina ƙirgan nan. Shugaban ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “'Yata, mun san zafin da kike ji. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shekara arba'in muna haka.” Wani daga baya ya ce, “In muka riƙa komawa da gudu, wa zai biya ruwan da muka ɓata?” Aka yi 'yar dariya. Mutum talatin da ɗaya ne a rumfar. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, huɗu suka tashi.

Yanzu kowace safiya Inna Lala kan tura Kawu a keken guragu zuwa matsaya, don ya ce in bai ji warin man jirgi ba abinci ba ya shiga. Ƙafafun ba sa motsi. Hannuwan na tashi zuwa ƙirji, su tsaya. Makon jiya na zauna kusa da shi, wani saurayi daga birni ya faɗi can tsakiya, muka jiyo ana ƙirga, hannuwa suka ɓullo da aka kai biyu, aka tafa. Jirgin ya lafa, ya fara juyawa a hankali.

“Injiniya,” in ji Kawu, “kina da shi har yanzu?”

“Na goge, Kawu.”

“Ƙarya kike. Nuna mini.”

Na nemo shi a shafin wani da ban sani ba, na riƙe masa wayar. Ya sa na maimaita sau uku. Bai kalli faɗuwar ba, farkon yake kallo.

“Kin ga gwiwar nan? Lala, zo ki ga gwiwa. Lauyan nan bai taɓa yin irinta ba.”

“Na gani tun daga kan rufi,” in ji Inna Lala, tana gyara masa bargo, ba ta ɗago ba.

“Kawu,” na ce, “ni na ce maka yatsan. Ni ce kuma ban…”

“Ke, rufe mini baki. Ni na kalli ƙafa. Shekara ashirin da bakwai ina hana mutane.” Ya kalli jirgin da har yanzu bai isa ga saurayin ba. “Na ɗaga hannuwan, kin sani. Na ji su a sama. Sai na ji sun zama hannuwan wani. Ina ta jin muryar Fausto, na ce yanzu za su iso.” Ya yi murmushi da gefen baki. “Amma dai ban sayi tamal ba.”

Inna Lala ta juya mana baya, ta daɗe tana kallon gonakin rake.

Shi ya yafe. Wannan tsakaninsa da Allah ne, kuma bai sauke muku komai ba, kamar yadda bai sauke mini ba. Ku da kuka kalla, da yawanku maƙwabtanmu ne, da yawanku kuna hawa jiragen nan da 'ya'yanku. Kafin ku sa ƙafa a jirgi, ku ce a nuna muku allon. In babu, ku sauka. Ranar Alhamis da ƙarfe biyar za a sake zama a rumfar matsaya, kuma ƙofa a buɗe take ga duk ɗan gari. Zan sake miƙewa da abubuwa ukun nan. Kawuna zai zo a kekensa, amma ba za a ƙirga hannunsa ba, don ba ya kaiwa sama. Naku na kaiwa. Ku zo ku ɗaga.