Ruwan da Nevena Ta Zuba a Gaban Tirela

…to ogan ya yi ta latti mana, ita Nevena ba ta gaji da tsayuwa ba. Wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta zaune gaban keken ɗinki, tana ɗinka aljihun wandunan da ba ta taɓa ganin masu sa su ba, tsayuwa a fili ai hutu ce. Kamfani ya ɗauke ta. Ya ɗauke ta! Ga rigar aiki a jikinta, ta yi mata yawa a kafaɗa, wa ya damu? Ga tirelar can, fara sol. Saura Oga Zdravko, mai koyar da sababbin direbobi. In ya ce a'a, kamfani ma a'a zai ce. An ce ba ya dariya. An ce bai taɓa ɗaukar mace ba — an dai ce.

Blagoy, ƙaton da aka ɗauka tare da ita, yana cin banitsa, burodin nan mai cuku a ciki, cuku na zubo masa a haɓa.

"Yaya Nevena, in giyar mota ta gagare ki, kya ɗinka mana labule."

"Bakinka zan fara ɗinkewa, ƙanena."

Plamen, na ukunsu, har da riƙe ciki. Yara ne. Yara masu furfura.

Sai dai abu ɗaya… ruwa. Ba wanda ya zuba mata ruwa yau. Inna a bakin ƙofa da kwanon tagulla, ranar fara makaranta, shaa! a gaban takalmanta — "tafi, komai ya gudana miki kamar ruwa." Ranar aure haka. Ranar shiga masana'anta haka. Yau fa? Inna tana kabari. Rumyana, 'yar da ta haifa da cikinta, daga Sifen a waya: "Mama, a shekarunki?" A shekarunta ɗin! Da shekaru ake murɗa sitiyari?

Wanda ba shi da mai zuba masa, ai yana da hannu. Gorar tana jaka. Tana kwance murfi, tana zubawa daidai gaban matakalar tirela, duka, har ɗigon ƙarshe. Su yi dariya in sun ga dama.

Ba su yi ba. Blagoy yana goge haɓa, yana ciro tasa gorar — matarsa barci take ya fito, wai. Plamen ma. Shaa, shaa. Ruwan mutum uku yana malala a kan siminti, yana ƙyalli, su ukun suna tsaye kansa suna washe baki kamar an yi musu haihuwa. Italiya, Jamus, hanyoyin da take gani a talabijin kawai… duk nata ne. Duk!

Iska daga kogin Danube tana yanka kunne. Janairun garin Ruse ke nan, ba ya wasa.

Janairu…

Me ya sa ruwan ya daina tafiya? Me ya sa ƙyallin ya koma kamar gilashi? Ƙanƙara! Makaranta a Satumba ce. Aure a Mayu. In sanyi ne Inna cokali ɗaya take ɗigawa, can gefe, ta bi shi da toka don kar a yi santsi — wayyo, toka!

Ga Oga Zdravko nan tafe. Gajere, gashin baki kamar tsintsiya, kofi a hannu, idonsa kan tayoyi, ba ya kallon ƙasa. Kafin ta yi magana — baki, buɗe mana! — ƙafarsa ta riga ta hau.

Suuu… Oga Zdravko yana tafiya ba tare da ya taka ba. Hannu ɗaya sama, kofin yana shawagi, ya wuce Plamen, ya wuce Blagoy, sai cak, ya cafke marikin ƙofar tirela. Bai faɗi ba. Kamar ruwa, Inna, kamar yadda kika ce!

"Aikin wane ne wannan?"

Ƙattin nan biyu sun ga abin kallo a sararin sama. Hannunta kuwa ya ɗaga kansa, ba da shawararta ba, rigar tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Yana kallonta. Gashin bakin yana rawa — fushi ne, ko kuwa…? Ita dai dariya ce ke taso mata tun daga cibiya, tana dannewa, tana dannewa, kuma ba za ta dannu ba…