Dokin Ƙofar Malam Hambali

Malam Hambali mai gyaran keke mutumin kirki ne, sai dai Allah Ya yi shi da bakin da ba ya barin labari yadda ya same shi. In ya kashe ɓera da safe, kafin azahar ya zama gafiya. Mutanen unguwarsu a Birnin Kudu sun saba, ba mai ƙaryata shi, kowa dai ya rage rabi a zuciyarsa.

Daminar bara ruwa ya shiga ɗakin matarsa Hapsatu. Tsakani da Allah bai wuce idon sawu ba, amma ya isa ya jiƙa tabarmi da buhun gero, ya bar ɗakin yana warin danshi har kaka. Kuma ba shi ne karon farko ba. Ta daɗe tana cewa a ɗaga dokin ƙofa, shi yana cewa sai rani, in rani ya zo ya ce ai damina da saura. Bayan girbi ta ce za ta je Kwandiko, can ƙasar Gwaram, ta gaida ƙaninta Munzali. Ta tafi da ɗan ƙullin kaya, ta yi zamanta. Saƙon da ta aiko gajere ne: ba fushi take ba, amma ba za ta dawo ba sai ɗakinta ya daina shan ruwa.

A waje Malam Hambali cewa yake ko a jikinsa. A ciki kuwa gidan ya yi masa faɗi. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, ba mai yi masa sannu da zuwa, ba mai yi masa faɗan ya shigo da baƙin mai a hannu. Kewarta yake yi ƙwarai, har ya rame, wandonsa ya fara neman sabon mazagi.

Abin da ya rage masa na daɗi shi ne majalisa, gindin darbejiyar da yake aiki. Can yake ba da labarin ambaliyar da ta kore masa mata. Lokacin sanyi, a labarin, ruwan a ƙwauri yake. Da aka shiga bazara ya hau gwiwa. Ranar da wasu baƙi daga Kangire suka tsaya a yi musu faci, ruwan nan sai da ya kai masa ƙugu, har ya miƙe tsaye ya nuna wurin da hannu.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya sayo bulo da siminti, ya ce ba ya buƙatar magini, wanda ya iya miƙe ƙafar keke ba zai kasa jera bulo ba. Ya sa jere ɗaya a bakin ƙofar, wanda shi ne daidai, ya koma gefe yana kallon aikinsa da jin daɗi. Sai ga maƙwabcinsa Ɗan'azumi ya yi sallama. Wannan Ɗan'azumi, ban taɓa ganin mutum mai riƙe maganar wani kamarsa ba. Ya dubi bulon, ya dubi Malam Hambali, ya ce da fuskar tausayi, "Malam, ba kai ka ce ruwan bara ya kai maka ƙugu ba? Wannan ai ko akuya ta tsallake."

To, me zai ce? Ya ce ƙarya yake yi tun sanyi? Sai ya ce wannan tushe ne kawai, aiki na gaba. Washegari ya ƙara jere. 'Yan majalisa suka fara zuwa ganin gini, kowa ya auna da jikinsa ya ce da saura. Shi kuwa da kunyar janye magana, haka ya yi ta ƙarawa har dokin ƙofa ya kai ƙugu, ƙofar ta koma taga. Ƙyauren ya cire ya jingine, ya rataya asabari. Ya kife turmi a waje don hawa, ya ajiye 'yar kujera a ciki don sauka. Da sauran simintin ya shafe daɓen ɗakin da gindin bango, ko allura ba za ta sami hanya ba.

Rufi kam bai ko ɗaga kai ya kalla ba. Akwai fallen kwano ɗaya da ƙusoshinsa suka saki tun bara, daidai inda indararon zaure yake zubowa, amma hankalinsa duk yana ƙasa. Ya aika Kwandiko cewa aiki ya kammala, a zo a gani. Munzali ya ce zai kawo yayarsa ranar Laraba, in abin ya yi mata ta zauna, in bai yi ba su juyo tare.

Ranar Laraba ya share tsakar gida, ya yi wanka, ya sa farar riga. Bayan azahar gari ya yi baƙi. Iska ta taso, ta ɗaga fallen kwanon nan ta jefa shi bayan gida, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da rufin zaure ya tara, indararo ya riƙa juye shi kai tsaye a tsakiyar gadon Hapsatu.

Ya ruga ya taka turmi ya faɗa ciki. Katifa ta riga ta tafi. Abin da ya tuna shi ne akwatinta na ƙarfe, inda zannuwanta suke da mayafin da mahaifiyarta ta bar mata. Ya ɗauko ya nufi ƙofa, akwati ya ce bai san zancen ba. Tun kafin gini yake ciki, ramin da ya rage kuwa bai kai faɗinsa ba. Ya gwada a tsaye, ya gwada a kwance, ya gwada da addu'a. Ruwa na ta hauhawa, don simintin Malam Hambali, a gaskiya, ya yi kyau. 'Yar kujerar ta taso ta yi gaba abinta. Sai ya ɗora akwatin a ka, ya laluba kusurwar da ba ta yoyo, ya tsaya.

Da ruwa ya ɗauke, tsakar gida ta tsiyaye ta rariya kamar kullum. Kaf unguwar ba ɗakin da ya sha ruwa sai wanda aka fi kashe wa siminti. Yana jin yara sun fito wasa, yana jin ana kiran la'asar, amma ya ƙi kiran kowa, don ya san wanda zai fara zuwa Ɗan'azumi ne. Wuyansa ya ƙage, ƙafafunsa suka mutu da sanyi. Abin da ya fi damunsa, ya san yau in Hapsatu ta gani za ta juya, shi ke nan.

Can ya ji tsayuwar babur, ya ji sallama. Munzali ne ya fara ɗaga asabarin. Ya ga mijin yayarsa tsaye cikin ruwa har gwiwa, da farar riga, da akwati a ka, takalma na yawo a gefensa. Dariya ta kama shi sai da ya zauna a kan turmi. Da ya samu numfashi ya tambaya ko kifin na sayarwa ne, ko kuwa sai sun ƙara girma.

Hapsatu ta ture shi ta leƙa. Ta dubi sama ta ramin rufin, ta dubi gadonta, ta shafa bulon da ya kai mata ciki. Ta daɗe tana kallon akwatin. Ta tambaye shi tun yaushe yake tsaye a haka, ya ce bai daɗe ba. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya rage wa labari tsawo, kuma rawar da ƙafafunsa suke yi ta tona shi.

"Ɗakin bai daina shan ruwa ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu ma har ajiyewa yake."

Munzali ya share hawayen dariya, ya ce, "Yaya, mu kama hanya kafin wani hadarin ya haɗo." Malam Hambali ya sunkuyar da ido, don kan ba ya sunkuyuwa. Ya ji zuciyarsa ta karye, bai kuma ga laifinta ba.

Hapsatu ta tuɓe takalmanta, ta tattare zani, ta taka turmi, ta zauna a kan bulon tana kiran sunan Allah saboda ciwon gwiwa, ta juya ƙafafunta ta dira cikin ruwan. Ta kama gefen akwatin, nauyin ya ragu a wuyansa.

"Munzali, ka gaida mutanen gida," ta ce ba tare da ta waiwaya ba. "In na ƙara barin mutumin nan shi kaɗai, baɗi ta rufi za a riƙa shiga ɗakin. Kafin ka tafi, aro mana guduma a maƙwabta."