Ɗakin da Makara Ta Hana Ni

Tun da gwamnati ta tattaro ta dawo Abuja, babu gidan da bai haihu ba a Suleja. Ma'aikatan da hayar Garki da Wuse ta kora duk nan suka sauke akwatunansu, mu kuma muna ta matsawa. A gidanmu na unguwar Magajiya, babana Alhaji Bamalli ya yanka tsakar gida ya yi ɗakunan haya, ya yanka wurin awaki, ya yanka inda ake daka. Da ya rasa abin yankawa sai ya waiwayo ɗakina. Na dawo daga aiki na tarar da katifata a zaure, wani Bayarabe mai suna Wale yana rataya labule a ƙofata.

Ni ne Nuraddeen, kwandastan bas, Suleja zuwa Wuse. Aikina cusa mutane ne. Kujerar da ta ce ta cika, ni sai na samo mata ƙarin mutum da ɗan kwandonsa. Amma ni ɗin nan an rasa inda za a cusa ni a gidan ubana.

Zaure kuwa ba wurin kwana ba ne, tasha ce. Mai sammako ya tsallake ni, mai keke ya taka min tabarma. Duk wannan da sauƙi in ba don Jannatu, yarinyar da nake nema da aure, ba. Babanta, Malam Tanimu, ya ce bai ƙi ni ba, amma ba zai sa rana ba sai ya ga ɗaki mai ƙofa da kwaɗo. Ga wani ticha daga Kwamba ya fara sintiri a layinsu da Vespa, an ce ciki da falo gare shi.

Da na ishi Baba da naci ya ce, "Ga ragowar bulo can. In ka ga wuri a gidan nan ka gina. Amma kar ka taɓa min ɗakin haya ko ɗaya."

Shi Wale a ofishin masu zanen gini yake aiki a Abuja. Na tare shi na ce, "Oga Wale, tunda kai ka cinye min ɗaki, kai za ka haifo min wani." Ya yi dariya. Ranar Asabar da safe ya fito da tef ɗinsa na awo.

Na ce mu hau sama, mu yi bene. Ya zaro mukulli ya kankare bango, siminti ya zubo, jar ƙasa ta leƙo.

"Nura, wannan bango ƙasa ne ya sa riga. Ka ɗora masa bene, zai durƙusa."

Na ja shi bayan ɗakuna, inda akwai ɗan fili. Ya buga ƙafa, ya saurara. "Mene ne a nan da?"

"Tsohon masai ne, an cike shi tuntuni."

"No be me and you, ba da ni ba. Damina ɗaya, gadonka zai tafi ƙasa da amarya."

Na ce to waje, ƙofar gida. Ya nuna min kwata da titi, ya ce hukuma za ta zo da jan fenti kafin in sa kwano. Wuri ɗaya ya rage: ɗan abin da ya saura na tsakar gida, can ciki, gaban ɗakin kakata Iya Sadiya. Wale ya auna, ya sake aunawa, ya sosa kai. Ɗaki zai fito, in ji shi, amma hanyar ɗakin Iya za ta koma siririn lungu mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu.

"Mutum zai wuce?"

"Zai wuce. Bokiti ma zai wuce. Ni dai ban so shi ba, ba iska. Amma ji shawara: kar ka haƙa komai tukuna. Jera bulon haka nan ba siminti, ku zauna da shi ku gani. In bai yi ba, a kwashe."

Na kira abokina Lukuman muka hau jera bulo har ya wuce kafaɗa. Ina jerawa ina hango inda gadon Jannatu zai zauna. Sai ga Iya ta leƙo da goro a kumatu.

"Kai, mijin banza, me kake toshe min ƙofa da shi?"

"Ɗaki ne, amaryata. Kin hana ni masauki, zan tare a kusa ki riƙa shan minsharina."

Ta dogara sandarta ta shiga lungun, tana shafa bangon haya da hannu ɗaya, sandar tana bugun bulo. Ta kai lanƙwasar ta tsaya.

"To ni ta ina za a fitar da ni?"

"Da ƙafarki mana, Iya. Ba ga shi kin wuce ba?"

"Ranar da babu ƙafar fa?"

Lukuman ya ajiye bulon da ke hannunsa. Iya ta ce a ɗakin nan aka yi wa kakanmu wanka, daga ƙofar nan aka ɗora shi a makara, a kafaɗa aka fita da shi, ita ma haka za a yi mata. "Ba za a cicciɓe ni kamar buhun masara ba don kana son aure."

Na yi wa Wale bayani. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiyarta, shi bai sa wannan a lissafi ba. Ya miƙo min tef. "Je ka auno tsawon abin da faɗinsa, in duba."

Ni kuma zumuɗi ya ce min me zai sa a tsaya awo alhali abin yana nan bayan masallacin unguwa? Hantsi ne, ba kowa a wurin. Ni da Lukuman muka ɗauko makara, muka ratsa layi da ita ido na ganin ido, muka shige gidan da kowa ya san akwai tsohuwa a ciki. Har ɗaga wa mai shayi hannu na yi.

Muka gwada. A lanƙwasar ta ƙi, muka karkata ta gefe ɗaya, ta sulale.

"Ta wuce! Iya, kin gani, ta wuce!"

"A karkace? Wato a kwana za ku zubar da ni. Hau ka kwanta a gwada da mutum, in kai namiji ne."

Da kowa ne ya faɗa da na ƙi. Amma kakata ce, ga ɗakin Jannatu a tsaye. Na hau na miƙe. Lukuman ya ɗauki gaba, Wale ya ɗauki baya yana ta kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa. Suka ɗaga, suka shiga lungu. Taku kaɗan na ji ƙum. Gaban ya tokari bangon ɗakin haya. Suka ja baya, mariƙin ya shige tsakanin bulo ya cije.

"Lukuman, ja mana!"

"In ja ina? Ni ma an matse ni, haƙarƙarina zai karye!"

Na yunƙura zan sauka, babu ta inda. Dama bango, hagu bulo, bakin kwanon ɗakin haya dab da hancina. Abin da nake gani kawai ɗan tsagin sama, siriri kamar igiyar shanya. Zufa ta karyo min. Ni da nake ce wa fasinja su matsa akwai wuri, ko gwiwar hannuna na kasa motsawa.

Sai na jiyo salati daga zaure.

Muryoyin mata ne da farko, wata har ta fara kuka. Sai takun maza. Sai muryar da na fi tsoro a garin nan.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe Iya ta cika ba a aiko ba?"

Malam Tanimu ya zagayo lungun, ya leƙo ta saman kafaɗar Lukuman. Idona cikin idonsa. Na rasa abin yi, bakina kuma bai saba zama shiru ba.

"Ina kwana, Baba."

Ya ja baya har hularsa ta faɗi. Daga ciki Iya ta ɗaga murya: "Tanimu ne? Ina nan, ban tafi ba. Hanya muke gwadawa."

Sai da aka rushe bulon ɗaya bayan ɗaya kafin aka sauke ni. Masu kuka suka koma dariya, har da masu riƙe ciki. Babana ya iso daga kasuwa a guje da takalmi ɗaya a hannu. Bai zage ni ba, ya dai ce in mayar da makara, in je in durƙusa wa liman, sannan in kwashe kowane bulo in kai inda na same shi. Malam Tanimu ya kaɗe hularsa ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗaki na ce ka nuna min, Nuraddeen. Maganata tana nan inda take."

Wale ya naɗe tef ɗinsa ya dafa ni. "Gara da ba siminti," in ji shi.

Bayan la'asar ina kwasar ragowar bulo Iya ta kira ni. Tana zaune a ƙofarta, ta gama da kwanon fura tana lashe ludayi, ga tsakar gidanta ta dawo mata.

"Zo nan, angon makara. Na gaya wa ubanka, ɗakin nan ba na haya ba ne. In na fita, naka ne."

Na dube ta. Haƙoranta na fasa goro garau. Uwarta ma sai da ta ga tattaɓa-kunne.

"Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Iya."

"Da zuciya ɗaya?"

"Wallahi da zuciya ɗaya."

Ta ƙura min ido, ta ga da gaske nake. Ta ɓallo goro ta miƙo min, ba ta ƙara tsokanata ba.

Na koma zaure na zauna a kan katifata. Vespar tichan Kwamba ta wuce ta ƙofar gida, ta karya kwana ta yi layin su Jannatu. Wale ya fito da bokiti zai je famfo, ya tsaya a kaina.

"Nura, ɗan janye ƙafa in wuce."

Na janye.