Yatsun Anti Sauri

Shagonta yana ƙarƙashin matakalar wani bene ne, tsakanin mai gyaran waya da mai kemis. Ɗan ƙuƙut ne, kujera biyu da benci da madubi mai tsaga a kusurwa. Amma duk macen da ke son kitson da zai daɗe bai tashi ba, can take zuwa. Anti Sauri ake ce mata, don kafin mace ta gama ba ta labarin abin da mijinta ya yi jiya, ta kai rabin kai. Yatsun nan nata su suka riƙe gidan, musamman tun da idon maigidanta ya yi hazo ya ajiye tuƙin bas. Shi da kansa yakan ce wa baƙi, "Ni yanzu kwandasta ne, ga direbar gidan nan."

Da ƙafa ciwon ya fara. Wata safiya ta tashi babban yatsan ƙafarta ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko gefen zani ya shafe shi sai ta yi ƙara. Ta ce wataƙila tuntuɓe ta yi ba ta lura ba. Mai kemis ya ba ta ƙwayoyin kashe zafi, bayan 'yan kwanaki abin ya lafa kamar ba a yi ba. Ya dawo a idon sawu. Ya dawo a gwiwa. Kowa da sunan da ya raɗa masa, wannan ta ce sanyin ƙashi ne, waccan ta ce yawan zama ne, wata ta ce tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ita kuwa ta ce ai ba da ƙafa take kitso ba, ta haɗa ƙwayoyin da maganin hawan jininta na kullum, ta kora da lemon kwalba mai sanyi, ta ci gaba da aiki.

Sai ya hau hannu.

Wasu 'yan ƙulluttai suka fito a gaɓoɓin manuninta da na tsakiya, masu tauri, fari-fari a ƙarƙashin fata. Ran da suka motsa, ko matsefi ba ta iya riƙewa. Ta ƙara ƙwayoyin, da safe da rana da yamma, har mai kemis ya riƙe hannunsa.

"Anti, wannan fa ba gyaɗa ba ce. Ki je a duba ki."

"In na je asibiti wa zai zauna min a shago? Kai za ka yi musu kitson?"

Da ya ƙi sayar mata, ta koma saye a wani kemis ɗin can bakin titi, inda ba a tambaya.

Ranar da abin ya fashe, wata mata ce ta kawo 'yarta kitson makaranta. Shago cike, benci ba wurin zama. Anti Sauri ta cije leɓe tana jan gashi, sai ta ji wani abu ya tsage a manuninta. Wani farin abu kamar jiƙaƙƙen alli ya fito, ya shafi gashin yarinyar. Ta yi saurin gogewa da bakin zani, amma uwar ta riga ta gani. Ta kama hannun Anti ta juya shi, ta ga ƙulluttan, ta sake shi kamar ta taɓa garwashi.

"Na shiga uku! Kuturta ce da ke kike taɓa kan 'ya'yan mutane?"

Ta fizge yarinyar da rabin kai a tsefe, ta fita tana faɗa da ƙarfi, har mai gyaran waya ya leƙo. Matan da ke kan benci suka fara tuna abubuwan da suka bari a kan wuta. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki.

Magana ba ta da ƙafa, amma ta riga mota isa. Kafin sati ya zagayo, duk layin an ji. Ta riƙa buɗe shago da safe, ta share, ta jera matsefai da man gashi, ta zauna tana kallon titi. Matan da ta yi wa kitso tun suna 'yan mata sai su tsallaka ɗaya gefen, su ɗaga mata hannu daga nesa. A gida ba ta faɗa ba. In maigida ya tambaya, sai ta ce kasuwa ce ta yi sanyi, ta sa hannun a cikin mayafi duk da ta san ba ya gani sosai.

Abin da ya karya mata zuciya a gida ya same ta. Autarta ta zo da jaririyarta gaisuwa. Anti Sauri ta miƙa hannu yadda ta saba, tana cewa, "Kawo min kishiyar tawa in ga ko ta ƙara muni." Auta ta tsaya. Ta gyara riƙon yarinyar a kafaɗa, idonta a ƙasa.

"Mama, barci take ji."

"Idonta biyu, ga shi tana kallona."

"Mama, don Allah kada ki ji haushi. Kakarta ta can ce ta ce a dakata tukuna, har a san mene ne."

Anti Sauri ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ta ce ba komai, gaskiya ce ai. Ta yi musu hira, ta raka su ƙofa, har da dariya. Da ta dawo ɗaki ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon yatsun kamar na wata ne aka ba ta ajiya.

Washegari da rana tsaka ta ja ƙofar shago ta rufe daga ciki. Ta ɓare sabuwar reza. A tunaninta, tunda abin a ciki yake, in ta matse shi ya fita duka, fata za ta koma daidai, mutane su dawo. Ta tura bakin mayafi a baki ta cije, ta tsaga. Ba mugunya ta gani ba. Farin abin nan ne dai, yana da ɓarɓashi kamar yashi, yana fitowa da jini, kuma duk yadda ta matsa akwai saura. Ta matsa har ɗakin ya fara juya mata. Ta ɗaure da tsumma, ta goge ƙasa, ta koma gida.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hannun ya haye har wuyan hannu, ya yi zafi kamar dutsen guga. Zazzaɓi ya rufe ta, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ƙafafunta suka cika, fitsari ya koma ɗan kaɗan. Ta kwanta ta ce mura ce.

Maigida ya zauna kusa da ita, ya yi shiru, sannan ya ce, "Maman yara, ido ne ba ni da shi, hancina yana nan. Ba ni hannun."

"Babu komai a hannun."

"To ba ni babu komai ɗin in taɓa."

Ya laluba ya kamo shi, ta saki ƙara. Ya ji kumburin, ya ji tsumman ya manne. Nan ta fashe da kuka, ta faɗa masa duka, matar nan da kalmar da ta jefa mata, bencin da ya bushe, jaririyar, rezar. Bai ce mata don me ba. Ya miƙe ya lalubo takalmansa.

"Tashi. Ke ki zama ido, ni in zama ƙafa."

Haka suka fita, ta rataya a kafaɗarsa tana ce masa ga kwata nan, ga mashin nan, har suka samu tasi.

A asibiti likitar mace ce mai tabarau. Ta sa safar hannu ta kwance tsumman a hankali, ba ta ja da baya ba, ba ta yamutsa fuska ba. Ta yi tambayoyi da yawa. Ina ya fara? Yana zuwa ya tafi? Wane maganin hawan jini take sha, mai sa yawan fitsari ne? Ƙwayoyin kashe zafin fa, tun yaushe? Da ta ji amsar wannan, ta ajiye biro ta kalle ta. Ta kankaro kaɗan daga farin abin aka kai ɗakin gwaji, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun, aka ba ta gado da ƙarin ruwa.

Da likitar ta dawo, Auta ta iso, tana tsaye a bakin gado ido jajir. Anti Sauri ba ta jira gaisuwa ba.

"Likita, ki faɗa min a gabansu. Kuturta ce?"

"A'a, Mama. Ko kusa. Kuma ba a ɗauka, ko kwano ɗaya aka ci da ke. Sunansa gawut."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu ta zauna a ƙasa.

Likitar ta yi bayani a hankali. Akwai wani sinadari a jinin kowa, yurik asid, ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari. In ya yi yawa sai ya daskare a gaɓoɓi, siriri-siriri kamar allurai, shi ne zafin da take ji, shi ne kuma farin abin da ya taru. A madubin ɗakin gwaji an gan su ƙarara.

"Na ji ana cewa ciwon masu cin nama ne," in ji maigida. "Ita kuwa da nama sai dai su gaisa."

"Ba nama kaɗai ba, Baba. Maganin hawan jinin da take sha yana ƙara shi, lemon kwalba ma haka, kuma mace in ta manyanta yana iya kama ta. Wannan duk da sauƙi, muna da magani. Abu biyu ne suka dame ni." Ta juyo ga mai jinyar. "Ƙodarki ta gaji. Ciwon ya taɓa ta, ƙwayoyin nan kuma sun ƙara mata nauyi. Daga yau kin bar su har abada. Na biyu, inda kika yanka ya ruɓe har ya kai ƙashi. Za mu ba ki magani mai ƙarfi don ceton hannun, amma gaɓar saman manunin nan ta riga ta mutu. Sai an cire ta."

Anti Sauri ta yunƙura har robar ƙarin ruwa ta girgiza.

"Likita, da shi nake raba gashi. Da shi nake kamawa. Ki cire na ƙafa. Wallahi ki cire duka biyar ɗin, ba zan ce uffan ba, ki bar min wannan."

"Da ana musanya, da na yi miki, Mama. In muka bar shi, hannun zai bi."

Ta kalli maigidanta ko zai sa baki. Yana zaune ya dafa sandar gado, hawaye na bin gemunsa. Ba ta taɓa ganin haka ba tun da aka kawo ta gidansa. Ta koma ta kwanta, ta ce a yi.

Aka yi. Aka canza mata maganin hawan jini, aka fara ba ta wata 'yar ƙwaya mai rage sinadarin, kaɗan-kaɗan saboda ƙodar, aka ce kullum ce, ko da ciwo ko babu. Likitar ta ja mata kunne cewa a watannin farko ciwon yana iya tashi, don tsohon abin da ya taru ne ke narkewa, kada ta daina. Ta ji da kunne. Amma ran da gwiwarta ta wayi gari kamar tulu, ta kasa kai kanta banɗaki, maganar likita ta bi iska. Ta wurga kwalbar maganin bayan ƙofa.

"Sun yanke min yatsa, sun hana ni abin da ke kashe min zafi, sun ba ni mai tayar da shi! Auta, je ki bakin titi ki sayo min na da. Guda biyu kawai."

"Ba zan je ba, Mama."

"Ni na haife ki!"

"Shi ya sa ba zan je ba."

Ta zage ta, ta roƙe ta, ta haɗa ta da Allah. Auta ta durƙusa tana tsince ƙwayoyin da suka watse, ɗaya-ɗaya, tana kuka tana hurewa. Da yamma suka ɗauke ta ita da mijinta zuwa asibiti, aka ba ta maganin kumburi na 'yan kwanaki wanda ba ya cutar da ƙoda. Gwiwar ta sauka. Bayan wata biyu ya sake tashi a idon sawu, amma bai kai na baya ba. Daga nan ya fara yin nisa.

Shagon bai jira ta ba, mai gyaran waya ya haɗe shi da nasa. Ƙodar ba ta dawo yadda take ba, likitar ta ce in dai ba ta ƙara lalacewa ba, a gode wa Allah. Ƙulluttan da suka rage suna ta ƙanƙancewa, amma a hankali, kamar sabulu a hannun marowaci.

Wata nas da ke wanke mata ciwon ta ji ana cewa sana'arta kitso, ta ce ranar hutunta za ta zo. Anti Sauri ta ɗauka faɗa ce kawai, sai ga ta da hantsi ta yi sallama. Suka zauna a barandar gida. Ta koya wa yatsan tsakiya aikin manuni, gashi yana zamewa, tana sake kamawa, gumi yana karyo mata. Layi na uku ya karkace. Nas ɗin ta shafa ta ce ai ya yi, a bar shi haka.

"Bai yi ba," in ji ta. "Sunkuyar da kan."

Ta tsefe shi, ta sake farawa daga goshi.